Ku Kashe Abin Nan

Sai da Baba ya sayar da kekensa kafin rikoda ta shigo gidanmu. A ƙasa ya dawo daga Sabon Gari, rungume da kwali, yana gumi yana murmushi. Inna ta saƙa mata mayafi, ta hana mu ko shafa ta. Har daga Ƙofar Jatau dangi suka zo gani, kamar an yi haihuwa.

Wata rana Baba ya danna jan maɓalli don ya ɗauki muryarmu. Ni da ƙannena muka yi ta ihu. Inna tana madafa, ta ɗaga murya ta yi mana faɗa, kaset ya ɗauka. Muryarta ke nan da ta rage a duniya, domin har ta rasu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Yanzu kuwa kayan sauti sun zama kamar gyaɗa. 'Yar sifikar da ta fi rikodar Baba ƙara, ko kuɗin kaza ba ta kai ba. 'Ya'yana suna ɗaukar murya a waya, su goge, ko a jikinsu. Arahar nan ce ta cuce ni, domin babu mai gyaran tsohon abu kuma.

Bara na lura na fara manta muryar Inna. Fuskar tana nan, muryar ce ke zille mini. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na zaƙulo kaset ɗin daga ƙasan akwati, rikodarmu kuwa ta daɗe da mutuwa. Na bi shago shago, daga cikin birni har Tudun Wada.

"Hajiya, kaset kuma?" in ji wani mai shago, yana dariya. "Ki sayi sifika mana, ai ta fi araha."

"Ta ina zan cusa mata kaset ɗin?" na ce, na fito raina a ɓace.

Daga ƙarshe wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ara mini tata. "Amma fa wani lokacin tana tauna kaset," ta ce. In ta tauna, shi ke nan.

Na yi bisimilla na danna. Ga ihunmu, ga dariyar Baba. Sai daga can nesa na ji:

"Ku kashe abin nan, kuna cinye batir!"

A da, da gudu muke kashewa. Ran nan ban kashe ba. Na mayar baya, ta sake yi mini faɗa.