Injin da Ya Ƙi Shiga Gida

Shekara goma sha ɗaya Ja'afaru ya yi a ofishin zane na wani kamfanin ƙarfe a Bompai, yana zana kujeru da gadaje, wasu su ƙera. Shi da aka haifa a gidan maƙera, ko ɗan yatsa bai taɓa ƙonawa ba. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, lokacin da sabulu ma sai an yi masa layi, kamfanin ya sa kwaɗo a ƙofa, aka ce kowa ya kama gabansa. Ya kwaso matarsa Furera da 'ya'ya uku ya dawo ƙauyensu kusa da Tsanyawa, da rula ta ƙarfe, da naɗin takarda, da fensir a bayan kunne wanda ko sallah zai yi sai an tuna masa ya cire.

Baffansa Dabo, babban maƙerin gidan, ya ba shi kusurwa ɗaya a maƙera. Sati bai cika ba Ja'afaru ya fara kafa doka. Ya buga ƙusoshi a bango, ya zana wa kowace masaba da awartaki mazauninsu. Ya ce a daina hira da masu kawo gyaran hauya, ɓata lokaci ne. Ya ce a kamfani ba a dukan ƙarfe sai an ga zane. Mutanen gari suka laƙaba masa Injiniya, ya karɓa hannu bibbiyu, bai ji dariyar da ke ciki ba.

Dabo ya yi ta haƙuri har damina ta raba, sannan ya kira shi.

"Ja'afaru, takardar nan taka ba ta cin tuwo, amma kai kana ci. Na ba ka zuwa a gama cirar gyaɗa. In mutum ɗaya a garin nan ya yi aiki da abin da ka zana, kusurwar taka ce. In babu, ga hauya, ga gonar ubanka."

Ba abin da Ja'afaru yake tsoro kamar gonar nan. Ba wai wahalar kaɗai ba, a'a, a ce Injiniya ya duƙa noma kowa yana wucewa yana yi masa sannu, wannan ne ke hana shi sukuni. Ya zauna ya yi tunani, ya ga duk kaka matan gari farcensu ke ƙarewa wurin ɓarar gyaɗa. Ya ce to, injin ɓara zai yi.

Ya yi zane mai kyau, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya samo tsohon duro da ƙarfen gado, ya kai Tsanyawa aka yi walda. Da ya zo batun tsayi, sai ya tsaya ya auna daga ƙasa zuwa ƙugunsa, shi kuwa dogo ne kamar tabarya. Furera ta leƙa zanen ta ce, "Malam, wa zai juya wannan?" Ya ce mata aikin ilimi ne, ta je ta ji da tukunyarta.

Aka ɗora inji a amalanke zuwa gidan Hajiya Asama'u, wadda duk ƙuli-ƙulin kasuwar yankin daga gidanta yake fita. Ƙofar waje ya shige lafiya. Ƙofar ciki, wadda ke kai mutum daga zaure zuwa tsakar gida, ita ce ta ce ba ta san zancen ba. Aka karkata shi, aka kwantar da shi, aka kankare ƙasar bango, ina! Ja'afaru ya auna komai a duniya ban da ƙofar da baƙo namiji ba ya wucewa. Ƙarshe da igiya aka haura da shi ta katanga, rabin gari na kallo.

Bayan kwana uku ya je zaure ya yi sallama, Hajiya ta amsa daga bayan labule.

"Hajiya, ya inji?"

"Alhamdu lillahi, Injiniya, yana da amfani ƙwarai."

Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai. Furera ta bar shi ya ci tuwo ya ƙoshi, sannan ta ce ita ma ta shiga gidan Hajiya yau. Amfanin da ake nufi, kaza ce ke ƙwai a cikin duron, hannun juyawar kuma ana shanya zani a kai.

Ransa ya ɓaci, ya ce jahilci ne. Furera ta bari sai da ya huce, sannan ta ce:

"Malam, ka taɓa ganin mace na ɓarar gyaɗa a tsaye? A zaune muke yi, a kujera 'yar tsugunno, da goyo a baya. Hannun injinka a kafaɗar Sauda surukar Hajiya yake. Ga kuka kamar jirgin ƙasa, ba mai jin maganar wata. Mu kuwa in ba hira, me ya tara mu?"

Saura kwana goma sha biyu a gama cirar gyaɗa. Ja'afaru ya kwana biyu yana fushi, ran na uku ya miƙa mata rula ba tare da ya dube ta ba. Ta mayar masa, ta ɗauki zaren saƙa. Ta shiga gida bakwai, ta zaunar da mata, ta ƙulla ƙulli inda gwiwa take, da inda hannu ke kaiwa ba tare da goyo ya farka ba, da faɗin kowace ƙofar ciki. Ya shimfiɗa zaren a kan takarda yana mayar da ƙulli inci, kunya kamar ta kashe shi.

Aka sake haurowa da injin ta katanga. Ya yanke ƙafafun, ya raba shi gida uku yadda mace za ta ɗauka ta haɗa da kanta, ya naɗe haƙoran da tsohuwar robar taya don kukan ya ragu. Nan ne ya fara ƙona yatsa, Dabo kuwa ya ce masa barka.

Ranar hukunci Dabo ma bai isa ya shiga gidan Hajiya ba. Suka tsaya bayan katanga su biyu kamar masu jiran sadaka. Suka ji inji na gurza a hankali, mata na shewa a kansa, can sai ga Sauda ta aiko da kwando cike da ɓawo aka juye musu a gaba. Dabo ya tura ƙafa cikin ɓawon, ya ce, "Kusurwar taka ce."

Kafin kaka ta zagayo ya ƙera goma sha huɗu. Sai dai labarin ta bakin mata ya bazu, daga biki zuwa suna, su kuwa sunan wadda suka sani suke faɗa. Ja'afaru ya yi ta gyara wa mutane har ya gaji.

Wata Laraba wani mutum ya sauka daga babur, ya ce daga Shanono yake.

"Salamu alaikum. Nan ne maƙerar mijin Furera?"

Dabo ya sunkuyar da kai ya dage da zuga, kafaɗunsa na rawa. Abin ya yi wa Ja'afaru ciwo, kuma ya san gaskiya ce. Ya jawo wa baƙon buzu.

"Nan ne. Zauna, Malam. Kafin mu yi maganar komai, ƙofar cikin gidanka, faɗinta nawa?"