Injin da Yara Suka Saya

A wata gona bayan garin Viroqua a Amurka, wani dattijo yana kan tarakta, fuska a murtuke, rana ta gasa masa ƙeya. Wani sabon inji ya riga ya ɗaure ya jera masa damman ciyawa goma-goma. Da ƙugiyoyin gaban taraktar yake cafke su gaba ɗaya, ya jibga a tirela kamar sun zage shi. Ko dami ɗaya ba ya faɗuwa, kuma da alama wannan ne ke ƙona masa rai.

Maƙwabciyarsa ta tsayar da mota. "Elwood, yaranka sun kyauta! Injin nan ya hutar da kai."

"Ya hutar da su dai, Darlene. Da can dole su zo gida kwasar ciyawa. Yanzu sai waya."

Ya sake caka ƙugiyoyin da ƙarfi, fiye da yadda ciyawa take bukata.