Baba Bai Yarda da Randebu Ba

Baba ya zo Paris neman magani, ba yawon buɗe ido ba. Daga Damagaram na ɗauko shi, na ajiye shi gidana a Sevran. Bayan awo iri-iri likita ya ja ni gefe ya ce ciwon hantar ya yi nisa, a dai lallaɓa shi. Ban faɗa wa Baba ba. Shi ma bai tambaya ba, amma tsoho ba yaro ba ne.

Wata safiya yana shan kunu ya ce, "Kai, ina son ka kai ni wurin Auta."

Auta ita ce Gwaggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta na aiki a Geneve, ƙasar Suwis, kuma rabon su da ganin juna an daɗe ƙwarai. Ba faɗa suka yi ba, duniya ce kawai. Na ɗauko waya zan kira ta, sai ya daka mini tsawa.

"Ajiye! Ni zan nemi randebu, wai sai an ba ni lokaci, wurin yarinyar da na goya? Wannan aikin nasara ne. Zumunta a ƙafa take. Ɗan'uwa sallamarsa kawai ake ji."

Na ce, "Haba Baba, nan ba Damagaram ba ce."

Ya ce idan na kira ta bai yafe ba. Ya riga ya gargaɗi mutanen gida ma kada wanda ya ce mata yana Faransa, don kada hankalinta ya tashi. Raina ya ɓaci, don ni ma ba baya ba ne wajen zuciya, gado na yi. Amma wa zai ja da uba marar lafiya? Na haɗiye.

Ba ya iya dogon zama, jirgin ƙasa kuwa bai yarda da shi ba. Matata ce ta kawo shawarar mu yi hayar kampin-kar, irin motar nan mai gado da murhu da makewayi a ciki. Da Baba ya gan ta ya zagaya ta da sandarsa ya ce, "Ikon Allah! Nasara ya ga kunkuru ya yi koyi." Muka shimfiɗa masa a gadon baya. Ƙullin tsarabar Gwaggo, alkaki da turaren wuta da ya taho da su tun daga gida, bai yarda a sa shi cikin kaya ba. Gefen matashinsa ya ajiye.

Lokacin bazara ne, babbar hanyar otorut cike da masu tafiya hutu. Ɗiyata ƙarama ta hau gadon ta zauna kusa da shi, yana tsokanar ta, wai amaryarsa ba ta iya ko dama fura ba, sakin ta zai yi. Ita kuma tana rama masa da Faransanci, ba mai jin wani, suna ta dariya. Ina kallon su ta madubi. A Lyon muka yada zango. Matata ta dafa shinkafa da wake a ɗan murhun, ya ci loma biyu don kada ta ji ba daɗi.

Washegari da muka doshi iyaka sai ya ce a tashe shi zaune. Ya sa babbar riga, ya gyara hula, ya riƙe paspo a hannu kamar mai shiga Nijeriya ta hanyar Daura. Ɗan duwan mai tsaron iyaka ya leƙo, ya dubi gilashin gaba, ya yi mana hannu mu wuce.

"Shi ke nan?" in ji Baba. "Ba a sauke kaya? Wannan kuma wace irin iyaka ce?"

Gidan Gwaggo bene ne. Na riƙe shi muka hau, yana haki, ƙullin a hammata. A bakin ƙofa ya ture hannuna ya miƙe da kansa. Bai danna ƙararrawa ba. Ya gyara murya ya yi sallama, irin mai ƙarfin nan ta zaure. Shiru. Ya sake. Ya yi ta uku. Sai wata tsohuwa maƙwabciya ta buɗe tata ƙofar ta ce ai sun tafi hutu ƙasarsu shekaranjiya, matar ta ce za ta je ganin yayanta.

Wallahi na rasa yadda zan juya masa maganar zuwa Hausa. Da na faɗa, ya jima yana kallon ƙofar, sannan ya ce, "To, yanzu kira ta."

A cikin mota na samu mutanen gida a waya. Ga Gwaggo can a tsakar gidan Baba, ita ma ba ta gaya wa kowa tana tafe ba. Na kanga masa wayar a kunne, ina jin kukanta.

"Yaya, ina kan tabarmarka."

"Ni ma ina ƙofar gidanki, Auta. An sauka lafiya? Ina gajiya?"

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Ta ce ya jira ta, jirgin farko za ta biyo. Ya ce in Allah ya yarda. Ya sa na koma sama na bar ƙullin wurin maƙwabciyar.

A hanyar komowa ba wanda ya yi wasa. Kafin mu kai Lyon jikin ya rikice, na karkata motar zuwa asibiti. Nan ya cika, nan muka rufe shi, don ya sha faɗa mini cewa ƙasa duk ta Allah ce, kada a wahalar da gawa. Gwaggo ta iso, ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Na ɗauka za ta ce me ya hana ni kira, na ma tanadi amsa mai zafi. Ba ta ce ba. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko ya yi sallama. Na ce sau uku. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa.

Na daɗe ina jin haushin su duka biyun, kuma har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Gwaggo ta tsufa yanzu, takan zo mana Sevran lokaci-lokaci. Tana kira kafin ta bar gida, ta kira daga jirgi, ta kira in ta sauka. Ko tana tsaye a ƙofarmu, muna jin motsinta, ba ta yin sallama sai wayata ta yi ƙara.

"Kuna gida?"