Faifan Sallamar Baba Ilu

Cikin shekarun da na yi ina aiki a kamfanin jimar fata a Challawa, nan Kano, akwai wata Alhamis da har yau ta ƙi fita daga raina, kuma ba don wani abin kirki da na yi a cikinta ba. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kuna yi mini tsiya a kan tsohuwar na'urar kallon nan da ke ƙarƙashin teburina, kuna cewa in kai ta bola. To yau ku ji dalilin zamanta.

Ni akawu ne a ofishin kula da ma'aikata. Aikina takardu: wa aka ɗauka, wa ya tafi hutu, wa ke aikin safe, wa ke na rana. Amma da yake kwamfutata ce kaɗai a ginin take da wurin saka faifai, sai na wayi gari da aiki na biyu wanda babu wanda ya rubuta mini shi. Mai bikin suna, mai saukar karatu, mai wa'azin da zai kai gida, duk teburina suke nufa. Ba na iya cewa a'a, amma Allah ya sani na gaji, har ta kai in na hango mutum da waya a hannu yana murmushi sai gabana ya faɗi.

Bari in yi bayani saboda wanda bai san aikin ba. Bidiyon da waya ta ɗauka, kwamfuta tana karanta shi yadda yake. Na'urar kallo ta gida kuwa, musamman tsofaffin nan da suka rage a ƙauyuka, ba ta gane shi sai an juya shi zuwa tsarin da ta sani. Juyawar ita ce wahalar. Ka saka shi a manhaja, ka zaɓi tsari, ka zauna kana kallon wani ɗan layi yana rarrafe, in wuta ta ɗauke ka koma farko. Sai an gama wannan ake buga shi a faifai, abin da muke kira bonin. Akwai kuma gajeriyar hanya: ka ja bidiyon yadda yake ka zuba a faifai, nan da nan an gama. A kwamfuta zai tashi lafiya lau. A na'urar gida kuwa sai sa'a, wata ta karɓa, wata ta ƙi. Duk wannan na san shi sarai tun kafin ranar.

Baba Ilu mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, yana haya a Panshekara. A sashen jiƙa fata ya yi aiki tun kafin a ɗauke ni, hannuwansa duk magani ya cinye su. Takardunsa a wurina suke, kuma ban taɓa saka takardar gargaɗi ko ɗaya a cikinsu ba. Sai aka yi rashin sa'a, watan da zai ajiye aiki ya zo daidai da ɓatan wasu fatu a sito, aka sallami mutum biyu a kai. Wani ɗan garinsu da ke aikin lebura a Sharada ya tsinci labarin rabi da rabi, ya kai gida cewa har da Ilu a waɗanda aka kora. Kafin tsohon ya ɗaure kayansa, magana ta riga ta zaga ƙauye.

A wajen walimar sallamarsa a ɗakin cin abinci, Manaja da kansa ya miƙe ya ce a gaban kowa hannun Ilu a wanke yake, kamfani bai taɓa samunsa da ko allura ba. Wani abokin aikinmu ya ɗauka a waya, ya turo mini.

Ranar Alhamis ɗin ina fama da jadawalin canjin aiki na sabon wata, ana jiransa kafin a tashi, sai ga Baba Ilu a bakin ƙofa da sabon faifai a leda.

"Malam Sabo, maganar Manaja nake so a sa mini a nan. Gobe da sassafe zan kama hanya."

Na ce, "Baba, da kun bari an tura wa wani a waya, ya fi sauƙi."

Ya ce, "Ai ba ni zan kalla ba. Dagaci zan kira, da liman, da surukaina. Ba a miƙa wa dattawa waya su yi ta leƙe ɗaya bayan ɗaya. A talabijin nake so su gani, a zaune gaba ɗaya, kowa ya ji da kunnensa."

Ya gaya mini abin da ake faɗa a kansa a gida, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ji shi, amma rabin hankalina yana kan jadawali. Na dubi agogo, na dubi tulin takardu, na bi gajeriyar hanya. Da faifan ya fito na mayar da shi cikin kwamfutar, sai ga Manaja yana magana, ga Baba Ilu a gefe da sabuwar hula.

"Zai yi a na'urar gida?" in ji shi.

"Zai yi mana, Baba. Ba ga shi kun gani da idonku ba?"

Ya naɗe shi a hankici, ya sa a aljihun gaba, ya yi ta sa mini albarka har sai da na ji kunya.

Bayan mako biyu, ranar Litinin da hantsi, masu gadi suka aiko wai ina da baƙo a ƙofa. Baba Ilu ne. Ya riga ya mayar da katin shiga, don haka mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ratsa ƙofar nan yana zaune a benci a waje, sai an zo an shigar da shi. Muka gaisa, ya ciro hankicin.

Ya ce ya aro talabijin da na'ura a wurin mai shayin garinsu, ya samo janareta, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Duk wanda ya kira ya zo, har da waɗanda bai kira ba. Na'ura ta haɗiye faifai, ta yi ɗan gurnani, ta tofo shi. Aka goge da bakin riga, aka hura, aka mayar. Sau huɗu. Can daga baya wani ya ce, "Wataƙila Manajan ne ya fasa maganar." Aka yi dariya. Da aka kira magariba dattawa suka tashi, babu wanda ya dawo.

"Ban zo faɗa ba, Malam Sabo," in ji shi. "Na zo ne in ji ko ni ne ban iya riƙe shi ba, ko zufa ce ta ɓata shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, ba ku ba ne. Ni ne ban yi aikin yadda ya kamata ba."

Na ture takardun ranar gefe na fara juya bidiyon. Sau biyu wuta tana ɗaukewa, kuma janaretan kamfani injuna yake ba wa wuta, ofis sai haƙuri. Sau biyu ina komawa farko. Shi kuwa yana zaune a kujerar baƙi da carbi, abincin da na aika aka sayo masa ma kaɗan ya taɓa. Sai wajen la'asar faifai ya fito. Wannan karon ban saka shi a kwamfuta ba. Na ɗauka muka tafi ɗakin masu gadi, inda suke da wata tsohuwar na'ura da murfinta ke ɗaure da roba.

Ta haɗiye, ta yi gurnani, sai ga muryar Manaja ta cika ɗakin. Masu gadi biyu suka matso. Baba Ilu ya tsaya da hannu a baya ya kalla har ƙarshe, har inda aka tafa masa.

Na ce, "Baba, ranar Asabar zan bi ku da kaina. Zan karɓo takarda daga ofis da hatimi, in kunna faifan a gabansu."

Ya girgiza kai. "Faifai ya yi, Allah ya yi maka albarka. Amma dattawa sau ɗaya ake tara su a kan magana irin wannan. In na sake shimfiɗa tabarma, cewa za a yi na koma Kano an haɗa mini." Ya naɗe faifan a hankicin nan dai. "Jikokina zan ajiye wa."

Na raka shi bakin titi ya hau motar Na'ibawa, na dawo na tarar da jadawali yana jirana, ga ogan ofishinmu yana tambayar abin da nake yi tun safe.

Da masu gadi suka samu sabuwar na'ura, na roƙe su tsohuwar, ita ce wannan da kuke yi wa dariya. Tun daga ranar babu faifan da ya bar teburina sai ya bi ta cikinta, ko da kuwa mai shi yana tsaye a kaina yana cewa mota za ta tashi. Abin da na koya ke nan: faifai a irin na'urar da zai je ake gwada shi. Kuma mutanenmu ba su cika faɗin nauyin abin da suka kawo maka ba, sai su miƙo shi a leda kamar ba komai, alhali mutuncinsu ne a ciki. Yanzu faifai ya kusa zama tarihi, masu kawowa 'yan kaɗan ne, ni ma na kusa ajiye aikin. Duk wanda ya zo daga wajen su Baba Ilu nakan tambaye shi. Har yau ban ji an ce an kunna faifan nan a garin ba.