Zanen Goyon da Ya Jiƙe a Gindin Zaure

Har yau ban manta da ranar da na tsayar da aikin Oga Bitrus ba, ni da ko sunana ban iya rubutawa.

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. An ɗauke ni lebura a sashen ayyuka na ƙaramar hukumar Jega, aikina ɗebo ruwa ga masu kwaɓa siminti. Bayan damina aka tura mu Jega Magaji, gyaran tsohon zauren unguwa, ginin ƙasa da kakannin kakanni suka zauna ciki. Bara an shafe bangon gabas da siminti, bana za a shafe sauran, wai don ya daɗe.

Ɗiyata Hadiza tana wata bakwai, ba mai riƙe mini ita. Gindin bangon gabas nake kwantar da ita saboda inuwa, kowace tafiya sai na leƙa ta. Rannan na ɗauke ta, na ji zanen goyon a jiƙe, kuma ba fitsari ba ne. Na ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya amsa kamar ƙwarya. Kwana uku ɗiyata na barci a nan!

Innata mai yaɓe ce, na san ƙasa numfashi take yi. In ka rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ba ya da hanyar fita.

Amma lebura ba ta magana da oga, sai ta bakin helma, shugaban leburori. Na faɗa wa helma, ya yi dariya.

"Ke Ladidi, yaushe anka ba ki injiniya? Tahi ɗebo ruwa, kar a sallame ki."

Na tsaya, ban tafi ba. Oga Bitrus, baƙo ne da aka kawo daga kudu, ya jiyo mu.

"Maman yarinya, mene ne?"

"Yallaɓai, wanga bango ya ruɓe daga ciki." Na miƙa masa zanen.

Ya taɓa, ya shinshina, ya karɓi guduma ya fasa wuri kaɗan. Ƙasa ta zubo baƙa, jagab, har da gara. Ya juyo ya ce, "A makarantarmu ba a koya mana wannan ba. Me za a yi?"

Ni ya tambaya, gaban helma.

Aka ɓare simintin duka, bango ya sha rana. Aka kira Baba Ige magini ya cike gindin. Innata da ƙawayenta suka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorowa, suka yaɓe zauren da ruwanta. Ni kuma aka ɗauke ni daga ɗiban ruwa, aka sa ni duba yaɓe.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in an tura ku tsohon gini, ku fara tambayar masu zama gindinsa. Na gode Allah da ya haɗa ni da ogan da bai ji kunyar shinshina zanen goyon lebura ba. Zauren na nan tsaye, Hadiza kan bi ta gabansa da nata goyon.