Sarkin Aska Maharazu na 'Yargoje da Gayyar Jini

Haihuwa da Tasowa

An haifi Alhaji Maharazu a shekarar 1936 a 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara. Mahaifinsa shi ne Malam Almu wanzami, mahaifiyarsa kuwa Kyauta, mutuniyar Faskari. Bayan ya sauke Alƙur'ani sai ya rataya zabira ya bi mahaifinsa, ya ƙware a aski da ƙaho da cire belu da kaciya, har aka naɗa shi Sarkin Aska a 1962.

Aure da Jarrabawa

A 1960 ya auri Barakatu 'yar Sabuwa, suka sami Talatu, sa'annan Hadi a 1964. Ranar suna ya cire wa Hadi belu da hannunsa, kamar yadda ya saba yi wa jariran gari, amma jinin ya ƙi tsayawa duk da magungunan da ya gada, har jaririn ya koma. Sai a zaman makoki surukarsa ta ambata cewa 'yan'uwan Barakatu maza biyu haka suka tafi a wurin kaciya.

Da aka haifi Gide a 1967, Sarkin Aska ya hana aska kusantarsa. Mutanen gari, waɗanda bakinsu ba ya hutu, suka yi ta zolayarsa da cewa dama wanzami ba ya son jarfa. Yaron ya taso gwiwoyinsa na kumbura da ɗan tuntuɓe kaɗan, dattawa suka matsa a kafa masa ƙaho a zuƙe mataccen jini, uban ya yi kunnen uwar shegu da su.

Neman Magani

A 1974, lokacin da kuɗin mai suka kawo motoci har ƙauyuka, ya kai Gide asibitin Funtuwa, daga can aka tura su Zariya. Likitoci suka tabbatar masa cewa yaron yana da ciwon rashin daskarewar jini, nau'in da suke kira himofiliya B, wanda 'ya'ya maza ke samu ta wajen uwa. Suka hana shi asfirin da allurar tsoka, suka ce duk ranar da jini ya ɓalle a kawo shi a ƙara masa ruwan jinin masu lafiya.

Saura kaciya. Gide ya kai shekara tara, sa'o'insa duk sun warke, shi kuwa ya daina bin su rafi saboda gori. Likita ya yarda zai yi aikin a asibiti, bisa sharaɗin a samo maza da yawa su ba da jini, domin za a yi ta ƙara wa yaron ruwansa har ya warke.

Gayyar Jini

A wancan zamani manomi ya fi yarda ya ba da sansa na noma da ya ba da jininsa, don an ɗauka ƙarfin noma ke tafiya. Saboda haka Sarkin Aska ya jira aka gama kaka a 1976, ya kira gayya irin ta gona, ya raba goro, ya sa aka dama fura, ya ɗauko makaɗi da babbar mota. Jama'a suka taru, suka sha fura, amma kowa ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa. Ɗanhausa, wani Bamaguje daga gefen Faskari, shi ya fara kama ƙarfen motar, ya ce, “Sarkin Aska, shekara nawa kana zuƙe muna jini da ƙaho kana zubas wa ƙasa? Wanga dai yaro za a ba. Mu tahi.” Aka fashe da dariya, mota ta cika har da masu tsayuwa.

An yi wa Gide kaciya a Zariya, ya dawo gida da ƙafarsa. Daga wannan rana Sarkin Aska bai sake karɓar ladan aski daga 'yan gayyar nan ko 'ya'yansu ba, kuma duk ranar da ciwon ya motsa, ba a rasa wanda zai shiga mota a cikinsu. Ya kuma kafa wa gidansa doka, cewa ba a taɓa ɗan 'yarsa da aska sai an auna jininsa a asibiti.

Ƙarshen Rayuwa

Ya sauke farali a 1981. Gide ya zama malamin firamare a Ƙanƙara, ya yi aure, ya sami ɗa namiji, Mani, wanda gwaji ya nuna jininsa lafiya lau. A sanyin 1996 tsohon ya yi wa wannan jika kaciya da hannunsa, ya zauna a gabansa yana kallo har jinin ya tsaya, ya yi hamdala da hawaye, ya miƙa wa almajirin sana'arsa zabira.

Allah Ya karɓi ransa a daminar wannan shekara, aka yi jana'izarsa a 'Yargoje. Ya bar matarsa Hajiya Barakatu da 'ya'ya huɗu: Talatu, Fatsuma, Zailani da ciwon ya tsallake, da Malam Gide, wanda ya yi masa wanka ya kuma ja sallarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa 'yan gayya da alheri.