Kofin da Kawu Ladan Bai Sayar Ba

Duk wanda ya san Kawu Ladan, ƙanen mahaifiyata, ya san lemarsa. Ba don ruwa yake riƙe ta ba. Kafin a take wasa sai ya bi gindin turakun raga yana caccakar ƙasa da tsininta, wai ko abokan karawa sun binne laya. In aka ce masa ba komai, sai ya girgiza kai: "Akwai wata a ƙasa."

Shi ne mai kula da filin Badarawa a zamanin lig ɗinmu, wancan da aka fara biyan 'yan wasa albashi, ƙarshen shekarun tamanin in ban manta ba. Bai taɓa yarda da ƙwallon da aka ci ba. Ranar da 'yan Malali suka zura mana uku, cewa ya yi golanmu ya ci tuwon surukansa, kuma surukan a Malali suke. Ranar da muka zura musu huɗu, na iske shi ya haɗe rai.

"Kawu, ai mu muka ci!"

"Shi ya sa. Yaushe muka iya haka? Kai da digirinka ba ka tambaya?"

Alƙalin wasa ma sai da ya sa shi busa usur sau uku, wai ya ji ko ƙarar tana karkata gefe guda.

To, lig ɗin ya watse ana saura wasan ƙarshe tsakaninmu da 'yan Malali, kofin ya ɓace, mabuɗin ɗakin kaya kuwa a hannunsa yake. Aka ce ya sayar wa maƙera. Ban ce na yarda ba, amma ban kare shi ba, abin da ke damuna ke nan har yau. Shekaru ana tsokanarsa da "Ladan Kofi".

Da ciwo ya kwantar da shi na daure na tambaye shi. Ya dube ni kamar an aiko ni, ya ce, "Akwai wata a ƙasa." Na ɗauka halin ne kawai.

Sai bayan sadakar bakwai maganar ta faɗo mini. Na nemi izinin mai unguwa, na kira shaidu biyu, kada a ce ni na saka. A gindin turken gabas muka tono kofin cikin buhu, da takarda a leda: "Ba a buga ba, ba wanda ya ci. Kada a ba 'yan Malali."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe mana zaton da muka yi masa. Allah ya sa abin da ya tarar a ƙasa alheri ne.